Ranar da Taubashina Ya Yi Mini Ladabi

Tun da na yi wayo ban taɓa jin kalma mai daɗi daga bakin taubashina ba, shi ma bai taɓa ji daga nawa ba. Ɗan kawuna ne, wan Innata, don haka a al'adarmu shi ne ubangida, ni ɗiyar mace baiwa. Haka yake kirana ko'ina. A gaban maigidana, a gaban yaran da na koyar a firamare a Anka, har ranar da na aurar da ɗiyata sai da ya shigo tsakar gida yana tambayar wanda ya ba baiwarsa izinin ɗaura ɗankwali mai tsada. Ni kuwa ɓarawon fura nake ce masa, tun muna yara a gidan kakarmu a Gwashi, ranar da wata Bafulatana ta ajiye ƙwaryarta ta shiga gaida mutanen gida, ya lallaɓa ya kafa kai ya shanye rabi. Ya girma, ya yi furfura, ya zama babban manomin albasa a Gummi, mutane na russuna masa. A wurina dai bai wuce ɓarawon fura ba.

Ana nan sai wani ciwo ya fara masa a gadon baya. Aka ce noma ne, aka ce sanyi ne, aka sha sassaƙe har aka gaji. Da aka kai shi babban asibiti a Sakkwato sai aka gano ciwon daji ne a ɓargon ƙashi. Aka yi magani, ya lafa, mutumin ya koma fadamarsa yana cika baki cewa ko ciwo ya san manya. Muna murna, bayan wasu damuna sai abin ya dawo.

Babban ɗansa ne ya kira ni a waya. Ya ce, "Gwaggo, ciwon Baba ya tashi. Likita ya ce tsohon maganin ya daina kama shi, amma akwai wata sabuwar allura, mun yi fafutuka an samu." Yana cikin magana na ji muryar uban daga nesa, ta shaƙe amma tana nan da tsiyarta: "Ka ce wa baiwa ta zo ta yi jinya, aikinta ne!"

Na ce, "Ka gaya wa ɓarawo ina zuwa in ga ƙarshensa."

Na kashe wayar, na zauna bakin murhu na yi kuka har tuwona ya kama. Washegari na bi mota ta Bukkuyum zuwa Gummi, daga can muka wuce Sakkwato, ni da shi da matarsa da ɗan.

Likitan ya tara mu ya yi bayani da Hausa tsaf. Ya ce allurar a fatar ciki ake yin ta. Aikinta shi ne ta kamo ƙwayar cutar da hannu ɗaya, ta kamo sojan garkuwar jiki da ɗaya hannun, ta haɗa su gaba da gaba. Da yake faɗan kan yi zafi a farko, ba a zuba ta gaba ɗaya. Za a fara da kaɗan, a huta, a ƙara, sannan a kai ga cikakkiya, kuma duk wannan lokacin yana kwance a asibiti ana kallonsa.

Ya ce abu biyu za mu sa wa ido. Na farko zazzaɓi. Kada wanda ya ce na sauro ne ya ruga kemis ya sayo ƙwaya, a gaya musu kawai. Na biyu ruɗewar kai: magana ta sarƙe, ko barci ya yi yawa, ko mutum ya canza hali. Ya ce in an kama shi da wuri akwai maganinsa, in an yi sakaci yana iya kai mutum ga suma, har ga abin da ba a fata. "Mu za mu riƙa yi masa tambayoyi safe da yamma," in ji shi, "amma ku kuka san halinsa. Sau da yawa 'yan uwa ne ke fara lura."

Taubashina ya ɗaga kai daga matashi ya ce, "Likita, in dai ruɗewar kai ce, ga wadda za ka fara yi wa allura. Haka aka haife ta."

Aka yi ta farko. Da yamma nas ta zo da tambayoyinta, wata mata mai haƙuri da fara'a. Ta ce, "Baba, wane gari muke?"

Ya ce, "Madina."

Ta nuna agogon hannunta. "Mene ne wannan?"

"Albasa ce, amma ƙarama. Ba zan saya ba."

Ta nuna ni. "Wannan fa?"

"Wagga? Baiwata ce. Da kwandon ruɓaɓɓiyar albasa na saye ta, kuma an cuce ni."

Wayyo, baiwar Allah ta saki abin awon zafi ta fita da sauri. Kafin in gama zaginsa ga likita ya shigo, wani na biye da shi da tire. Na ce, "Likita, ku mai da kayanku, ƙalau yake. Iskanci ne." Likitan ya dube shi, shi kuma ya rufe baki da gefen bargo, kafaɗunsa na rawa.

Ran likita ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Ya ce, "Baba, tambayoyin nan su ne idonmu. In ka maishe su wasa, ranar da abin zai zo da gaske ba za mu gane ba." Aka yi sulhu a kan zai fara ba da amsar gaskiya, in ya gama ya yi tsiyarsa. Ya cika alkawari, amma irin cikawarsa. Zai ce Sakkwato, ya faɗi wata, ya ƙirgo daga ɗari zuwa ƙasa goma-goma tas kamar yana sauke buhuna, sannan ya ƙara da cewa a rubuta a takardar asibiti baiwarsa na cinye masa abinci.

To, ina ci ɗin. Ba zan ɓoye ba. Matarsa kan dama masa fura da ruwan da aka tafasa, don likita ya hana abin da ba a tabbatar da tsabtarsa ba, ni kuma in ɗauki kofin in kurɓa a gabansa ina lumshe ido, in ce ramuwar Bafulatanar Gwashi nake yi. Sai ya yunƙura, ya manta da ciwon baya, ya ce a kira masa 'yan sanda. Matarsa, mace mai kunya wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ta ce, "Yaya, ki bar Malam ya huta mana." Ba ta gane ba. In na bar shi ya huta, kwanciya yake yana kallon silin, kuma na san abin da yake tunani.

Bayan allura ta biyu ya yi ɗan zazzaɓi. Muka faɗa nan take, aka ba shi magani, ya sauka. Ko da jikinsa ke rawa sai da ya ce ni na kawo masa shi daga Anka cikin zanena.

Aka yi cikakkiyar. Kwana ya wuce lafiya. Da safe na dawo daga gidan da muke sauka, na tarar nas ta riga ta zo ta tafi, ya ba ta amsa daidai. Yana zaune an jingina shi da matashi, an sa masa hula, fuskar nan fes. Na yi sallama na ce, "Ɓarawo bai mutu ba?"

Ya dube ni, ya ɗan jima, sannan ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, Hajiya. An tashi lahiya?"

Na yi dariya, na ce sabon salo ne. Na jira ƙarshen maganar, don taubashina kan yi shimfiɗa mai kyau kafin ya kayar da mutum. Na jira. Babu ƙarshe. Ya mai da ido kan bango.

Matarsa ta matso tana murmushi, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Yaya, kin gani? Tun asuba haka yake, shiru, ba hayaniya. Ciwo ya sa Malam ya natsu. Alhamdu lillahi."

Ni dai na tuna maganar likita ta canza hali. Amma na ce bari in gwada, kada in tara wa mutane jama'a a banza kamar ranar Madina. Kofin furarsa na kan ɗan teburin gefen gado. Na ɗauka, na tsaya daidai inda zai gan ni, na kurɓa da ƙara, irin kurɓar da Inna kan mare mu a kanta. Na ce, "Kai, furar nan ta yi daɗi. Mai ita ma ba ya so."

Ya ce, "Bismilla, Hajiya. Ki sha. Na gode."

Na gode! Mutumin da ko ranar da na yi masa rakiyar amarya cikin ruwan sama bai ce mini na gode ba, cewa ya yi na ɓata masa hanya da taɓo. Na ajiye kofin na nufi ƙofa.

Ɗansa ya tare ni. Ya ce, "Gwaggo, ina za ki?"

"Likita zan kira."

"Mi ya faru? Jikinsa ba zafi, na taɓa. Nas ta zo ya amsa komai. Don Allah, Gwaggo, kada mu sake jin kunya. Mi za ki ce musu? Baba ya yi ladabi?"

Na ce, "Shi zan ce. Matsa mini."

Ban taɓa ture ɗan nan ba tun yana goye, amma ran nan na ture shi. Na tarar da nas ɗin tana jera magani. Na ce, "Ki zo. Ya gaishe ni."

Ta ce, "To, Mama?"

"Da ladabi. Ya ce mini Hajiya. Ya bar mini furarsa."

Ta dube ni. Ita ce aka taɓa cewa agogonta albasa ne, ta san mutumin. Ta rufe akwatin maganin, ta aika a kira likita, ta riga ni isa ɗakin.

Ta sake tambayoyin daga farko. Gari, ya ce Sakkwato, amma sai da ya nemo kalmar kamar ta faɗa rijiya. Wata, ya yi shiru. Ta ce ya ƙirgo daga ɗari. Ya ce ɗari, casa'in, tamanin, sai ya tsaya yana motsa leɓe. Mutumin da ke lissafin lodin mota guda a ka yana cin goro. Ta miƙa masa biro ya rubuta abin da ya saba rubutawa da ajami, biron ya yi ta yawo a takarda. Matarsa ta dafe ƙirji, ɗan ya jingina da bango.

Likita ya zo, aka sa masa magani ta jijiya, aka dakatar da allura ta gaba, aka mai da shi kusa da inda nas-nas ke zama. Ya ce an kama shi a farkonsa, mu yi addu'a. Wunin nan taubashina barci ya yi ta yi. In an tashe shi ya buɗe ido ya ce sannu, ya ce na gode, ga kowa. Ni dai ina zaune ina jan carbi, kuma abin da nake roƙo, Allah Ya yafe mini, shi ne Ya Rabbi Ka maido masa da rashin mutuncinsa.

Da hantsin washegari ina gyangyaɗi a kujera na ji an ce, "Wa ya ba baiwa kujera? Tabarma ta ƙare a garin?"

Na buɗe ido. Yana hararata, hular ta karkace. Na buɗe baki in rama, kuka ya riga ni. Na yi shi sosai, da majina da komai, a gaban ɗansa da matarsa da nas. Ya ce a fitar da ni, ina tsorata marasa lafiya.

Da ya warware aka ba shi labari. Ya ce, "Ni? Na ce mata Hajiya? A'uzu billahi. Lalle na yi ciwo." Likita ya jira har komai ya daidaita kafin aka ci gaba da allurar, abin bai sake dawowa ba. Ranar sallama aka ba shi kati ya riƙa yawo da shi a aljihu, don duk asibitin da ya faɗa su san allurar da yake karɓa. Aka hana shi hawa babur sai likita ya yarda, aka ce masu tari da mura su yi dubiya daga zaure, zazzaɓi ko kaɗan ne a kira waya. Shi kuma ya ƙara tasa dokar a gaban kowa, ya ce duk ranar da aka ji ya yi wa wagga mata magana mai daɗi, a sa shi a mota kawai.

Na kwana biyu a Gummi kafin in koma gida. Ranar da zan tafi na same shi a zaure shi kaɗai, yana kan buzu, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Na ce ɓarawo, zan tafi, a ci gaba da sata lafiya. Bai rama ba. Ya yi ta murza bakin hularsa, har na fara duban idonsa da kyau.

Ya lura. Ya ce, "Sakkwato, Gummi, Anka. Ɗari, casa'in, tamanin, saba'in, sittin. Ƙalau nike, daina kallona haka."

Na ce, "To mi ne ne?"

Ya ce, "Akwai maganar da nike son in gaya miki tun asibiti. Amma in na faɗe ta, likita za ki kira."

Na gyara mayafina, na ɗauki jakata.

Na ce, "Kada ka faɗa."

Ya ce, "To, tahi, baiwa. Ki bar mini kofina, na ƙirga su."