Ranar da Wendel Haugen Ya Zama Fasinja

Mijin yayata, Wendel Haugen, ya yi bazara talatin da huɗu yana tuƙa motar masu yawon buɗe ido a hanyar dajin Denali. Na zauna na lissafa: in an ce sawu ɗari a kowace bazara, ya shiga hanyar nan sau dubu uku da ɗari huɗu, ya fito sau dubu uku da ɗari huɗu, ko madubi ɗaya bai taɓa fasawa ba. Shi ya ce lissafina ya gaza, wai akwai shekarun da ƙanƙara ta narke da wuri. Na ce ya kawo takarda. Har yau bai kawo ba.

Daga Minnesota ya zo yana ɗan shekara ashirin da biyu, da niyyar yin wata uku a mahaƙar kwal ta garinmu, Healy. Ya yi shekara bakwai a can kafin ya gane cewa abin da ke damunsa a aikin ba ƙura ba ce, rashin mai saurarensa ne. Ranar da aka ɗora shi a bayan sitiyari aka miƙa masa makirufo, aka kuma zuba masa mutum hamsin da ba su da hanyar gudu har tsawon awa takwas, ranar ya samu sana'arsa.

Bai taɓa ajiye ta a wurin aiki ba. In za mu coci a motarsa sai ka ji, "Jama'a, in kun dubi dama za ku ga karen gidan Lindgren. Ba kasafai ake samunsa a farke ba, ku yi amfani da damarku." A teburin cin abinci ba ya cewa ga gishiri, sai dai, "Gishiri na hannunku na hagu." Jikokinsa sun san mil nawa ne daga ƙofar gida zuwa rumbun itace.

Yaya Marlis ta aure shi a watan Janairu, cikin sanyin da sai da fasto ya sa safar hannu, domin daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba Wendel ba na kowa ba ne, na mota ne. Ita a gidan waya take aiki. Ranar haihuwarta tara ga Yuli, kuma sau talatin da huɗu ni da ita muka yanka kek ɗin, muka ajiye masa nasa a firij. Layin dogo ta bayan gidansu ya bi. Kullum tana kallon jirgin ƙasan nan mai rufin gilashi yana wucewa cike da tsofaffi, kowace mata da mijinta a gefenta. Ba ta taɓa cewa komai ba sai shekarar da ya yi ritaya.

Ni aikina shi ne shirya wa mutane irin wannan tafiyar. Shekara goma sha tara, mutum dubu shida da ɗari biyu da sha biyu na tura, kuma dokata ɗaya ce: tudu tukuna, ruwa daga baya. Ka sha girgizar mota da ƙafarka sabuwa, sannan ka je ka miƙe a jirgin ruwa a yi ta kawo maka abinci. Don haka da Marlis ta kira ni wata Asabar cikin Fabrairu ta ce in zo da takarduna, minti goma sha ɗaya ya kai ni.

Na shimfiɗa taswira a teburin kicin. Kwana goma sha biyu: biyar a tudu, bakwai a ruwa daga Seward zuwa Vancouver.

Wendel ya ɗora yatsa ya rufe rabin taswirar. "Uwar lissafi, cire wannan. Mu tuƙa motarmu zuwa Seward mu hau jirgi. Wane daji za a nuna mini?"

"Duka nake so," in ji Marlis.

"Kin san daga Fairbanks ake farawa? Mu yi mil ɗari da goma arewa don a dawo da mu a jirgin ƙasa ta bayan gidanmu? Mu ga shanyarmu ta taga?"

"Zan kwashe shanyar."

"Mu kwana a otal mil goma sha ɗaya da gadonmu?"

"A otal ba ni zan gyara gado ba." Ta ture yatsansa daga kan taswirar. "Kuma har motar dajin zan shiga. Kai ma. A gefena, a zaune, kamar mijin kowa."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Saurara, tsohon nan. Ba za ka gyara wa direba zance ba, ba za ka koya masa tuƙi ba, ba za ka amsa tambayar da ba kai aka yi wa ba. Tikitin jirgin ruwa yana jakata. In ka kasa zama awa takwas, washegari daga tasha ka juya gida wajen karnukanka, ni in wuce Seward. Gado biyu ne a ɗakin, in kwana a wannan yau, gobe in koma wancan."

Ya dube ni. Na ce, "Tsarin ya yarda, mijin yaya. Mutum ɗaya na iya shiga."

Aka shiga ciniki. Ita ta ce ko kuskure ɗaya ba ta yarda ba, shi ya nemi goma, aka tsaya a huɗu. Na biyar shi ne gida. Ya kuma ƙwato abu ɗaya. A motocin nan duk fasinjan da ya hango dabba yana da ikon ya ɗaga murya ya ce "Tsaya!", direba ya tsaya, kowa ya kalla. Marlis ta ce wannan ba laifi ba ne, muddin akwai dabbar. Ni aka naɗa mai ƙirga, da ɗan abin nan da nake latsawa in ƙirga baƙi a ƙofar mota.

Tun da aka hana shi baki, sai ya juye ƙarfinsa kan kujeru. Wata huɗu yana tsarawa. Kwarin da ake zuwa kallo yana hannun hagu in za a shiga dajin, yana hannun dama in za a fito, saboda haka za su zauna hagu da safe, a wurin juyawa su yi musanya da wasu. Har busasshen kifin salmon ya tanada don lallashin waɗanda za a yi musanyar da su. "Shekara talatin da huɗu ina gaya wa mutane wannan dabarar," in ji shi, "ba wanda ya taɓa yinta daidai."

Ranar ta zo, tara ga Yuli, ni na tsara haka. Fasinja hamsin da biyu, ni a bayansu. Direbarmu Tamra ce, wadda shi ya koya wa hanyar shekara goma sha biyu da suka wuce. Tana ganinsa a layi da hular baƙi da kyamara a wuya ta riƙe ƙofa tana dariya.

"Baba Wendel! Ka ɓata hanya ne? Ko in nuna maka inda ake zama?"

"Madubinki na dama ya yi ƙasa," in ji shi.

Na latsa. Ko injin ba a tayar ba.

Na biyu a mil na tara: Tamra ta ce wani lokaci daga nan ake fara hango babban dutsen Denali, shi ya ce sai an ɗan ƙara gaba. Na uku, ta fara ba da wani labarin dariya game da beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi, da takalmin gudu, ya ƙarasa mata. Ya juyo yana cewa ai labarinsa ne, gadonsa ta yi. Na ce ba a sa wannan a yarjejeniya ba. Na huɗu, wata tsohuwa daga Ohio ta tambayi direba ko tumakin dutse na jin sanyi, kafin Tamra ta buɗe baki ya yi jimla shida.

Mil ashirin da biyu, huɗu sun ƙare. Saura fiye da awa shida.

"Karnukan za su ji daɗi," in ji Marlis, tana kallon taga.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Wendel ya yi shiru. Ya ɗauko kifin da ya tanada ya fara cusawa a baki duk lokacin da magana ta taso masa. Na ƙirga yanka goma sha huɗu. Tamra kuwa da ta fahimci halin da yake ciki sai ta fara tsokana, tana faɗin shekarar da aka gina wata gada da kuskuren shekara ɗaya tana kallonsa ta madubi. Kunnuwansa suka yi ja, ya ƙara cusa kifi. Abin da ya rage masa shi ne "Tsaya!", ya kuwa yi amfani da shi sau shida: beyar da 'ya'yanta biyu, barewa garke uku, fararen tumakin dutse, dila ɗaya. Duk akwai su. Na duba da madubin hangen nesa, don ba na son a ce na yi son kai.

A wurin juyawa ya samu wasu mata da miji daga Texas, ya ba su ragowar kifin, aka yi musanya. Ya zauna a tagar dama, Marlis a gefensa, yana ta murmushin wanda dabararsa ta ci.

Akwai wani wuri a hanyar da aka sassaƙe ta a jikin dutse. Tsakuwa ce, ba shinge, faɗinta da ƙyar ya ɗauki mota biyu, ƙasa kuwa sai rafi can kamar zare. In za a fito, motar a bakin ramin take bi. Wendel ya wuce nan sau dubbai yana ba da labari da hannu ɗaya. Amma kujerar direba a hagu take. Tsakaninsa da ramin kullum akwai faɗin mota guda, ga sitiyari a hannu, ga birki a ƙafa. Abin da fasinjan tagar dama ke gani shi bai taɓa gani ba, wato ba ya ganin hanya ko kaɗan, sai iska.

Na ga murmushin ya tafi. Na ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasan mota, tana neman birkin da babu. Sai ga wata mota ta ɓullo daga kwana, Tamra ta ɗan matsa dama don ba ta wuri, daidai yadda shi ya koya mata.

"TSAYA!"

Ta tsaya. Kyamarori arba'in da wani abu suka tashi, mutanen hagu suka taso suka jingino dama, abin da ya sa Wendel ya ƙara runtse ido.

"Ina, Baba Wendel?" in ji Tamra. "Sama ko ƙasa?"

Gumi na bin wuyansa. Babu dabba, ni na sani, Tamra ta sani. Fasinja ya ba direba umarni a tsakiyar tuƙi. Na biyar ke nan, ba gardama. Babban yatsana yana kan abin ƙirga. Na dubi Marlis.

Ita hannunta take kallo. Ya riƙe mata wuyan hannu da hannuwansa biyu, riƙon da sai da agogonta ya juya.

"Kerkeci ne," ta ce da ƙarfi. "Can ƙasa, bakin rafi. Ya shige bayan baƙin dutsen nan. Ni ma na gani."

Shekara talatin tana gidan waya, matar da in wasiƙarka ta zarce nauyi da ƙwayar shinkafa sai ta faɗa maka.

Mota ta ruɗe. "Ga shi can!" in ji mutumin Texas, ya ɗauki dutsen hoto sau ashirin. Tsohuwar Ohio ta ce ta ga jelarsa. Kafin mu tashi daga wurin mutum tara sun ga kerkecin, biyu sun ce da ɗansa. Tamra ta ɗauko littafin da direbobi ke rubuta dabbobin da aka gani, ta dubi Marlis ta madubi, ta mayar da shi inda yake.

"Ni dai sai na gani da idona nake rubutawa," ta ce. "Baba Wendel, in ja?"

Ya gyaɗa kai, ido a rufe.

Marlis ta juyo gare ni ta yi ƙasa da murya. "Janis, sa abin nan a jaka."

"Yaya, ai a ƙa'ida..."

"A jaka."

Na sa. Ta tashe shi ta karɓi tagar, shi ya dawo ciki. Bai saki hannunta ba har tsawon mil goma sha huɗu, na bi allunan hanya. Sai da ƙasa ta miƙe, itatuwa suka dawo gefen hanya, sannan ya buɗe ido sosai.

"Marlis."

"Na'am."

"Duk shekarun nan, abin da mutanen nan ke gani ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ni kuma ina gaba ina ba su labarin takalmi?"

"Da hannu ɗaya."

Ya dubi tagar. "Kuma in mun sauka har tafa mini suke yi."

"Murnar sun sauka suke yi, maigida."

Da muka iso, Wendel ne ya fara tafa wa Tamra, shi ne kuma ya daina a ƙarshe. Washegari ƙarfe goma sha biyu da rabi na kai su tasha da akwati uku, na ga sun hau jirgin kudu su biyu, sannan na koma ciyar da karnuka.