Yayana da Motar da Ba Ta San Yana Bisanta Ba

Shekarar da aka hana hawa babur a Diffa, yayana ya shigar da nasa ɗaki, ya lulluɓe shi da tsohon bargo, shi ma ya zauna kusa da shi. Ɗan kabu-kabu ne tun ƙuruciyarsa. Ya daina fita, ya daina hira, tuwo ma sai matarsa ta yi ta lallashi. Ni kam na ji tsoro, don ina kallon mutum yana ƙarewa a zaune.

Mu ma harkar tattasai ta tsaya, mangazar ajiyar kaya da nake aiki ta zama wayam. Sai wani Badamagare mai kanti a unguwarmu ya fito da motocin wasa masu rimot, waɗanda ya saro don yara da Sallah suka ƙi sayuwa. Yaran dai ba su samu ba. Mu masu gemu muka rarrabe su, muka fara tsere bayan la'asar, kuma ba a jima ba muka kasu gida uku, kowane gida yana raina ɗan'uwansa.

Akwai 'yan siminti, yawancinsu malaman ofis. Motocinsu gajeru, ciki na shafar ƙasa, ga gudu kamar ƙadangare. Amma sai an share daɓen mangaza tas, don gutsuren tattasai ɗaya ya isa ya kifar da su. Sun fi daɗewa riƙe da tsintsiya a kan rimot.

Mu 'yan rairayi manyan tayoyi gare mu, filinmu bayan mangaza. Gudu babu, batir kuma sai tsakiyar tsere yake mutuwa, ka bi motarka da ƙafa ka ɗauko ta a hammata kamar kaza. Duk da haka muna bugun ƙirji mu ne direbobin gaske, tunda hanyar Bosso ba siminti ba ce.

Gida na uku mutum ɗaya ne, wani bakanike da ya gudo daga Damasak da motar wasa mai shan mai. Ba shi da abokin tsere, saboda haka kullum shi ne na ɗaya. Ƙararta sak ta babur, shi ya sa muke rufe ƙofar mangaza kafin ya tada ta, kada sojoji su zo neman abin da babu.

Na yi ta jan yayana, yana cewa bai haukace ba tukuna da zai yi wasan yara. Da na rasa dabara, na roƙi bakaniken ya zo ya tada motar a zauren gidanmu. Ƙarar na tashi, yayana ya fito ko takalmi babu. Washegari ya riga ni mangaza.

Aka ba shi rimot. A miƙe ya tafi lafiya lau. Da ya zo kwana kuwa, bai taɓa sitiyarin ba. Ya kwantar da jikinsa hagu, ya fitar da gwiwa, ya ja ƙafa a ƙasa, mota kuma ta wuce ɗoɗar ta shige tarin buhuna. Aka ɗauko ta, ya sake yin haka, har da waiwaye kamar yana duba ko fasinja ya zauna daidai. Muka yi dariya har da hawaye.

Badamagaren ya ce, "Malam, ai motar ba ta san kana bisanta ba."

"Ni ma na manta ba na bisa," in ji yayana. Sai ya fashe da dariya, wadda rabona da jin ta tun ranar da aka kafa dokar.

Bai taɓa cin tsere ba, kwanar hagu kuma har aka watse bai iya ta ba. Amma a ranar farkon nan, da muka koma gida, na leƙa ɗakinsa na tarar ya yaye bargon, ya tsuguna yana zuba wa sarƙar babur mai. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ka faɗa wa bakanike gobe ma ina nan tafe. Wannan kuma ya yi haƙuri ya jira, ba zai yi tsatsa a hannuna ba."