Je Ki Huta

A makarantar kuɗin da na koyar a Tudun Fulani ba a korar ma'aikaci. Mai makarantar, wata dattijuwa 'yar Bida da muke kira Mama, sai dai ta ce mutum ya je ya huta. Ni ma da cikina na fari ya fito har hijabi ya kasa rufe shi, ta kira ni gaban malamai, ta dafa kafaɗata, ta ce in je in huta, za ta neme ni.

Na haihu, aka yi suna, Mama ta zo da turmin atamfa. Na yi arba'in, shiru. Zama ya gagare ni. In ɗauki waya in ajiye, in leƙa ƙofa in dawo, ko sallama aka yi sai in zabura. Maigidana koyarwa yake a Paiko, kuɗin mota ke cinye albashinsa, aikin nan nawa shi ke ɗora mana tukunya. Da na gaji na goya jaririyata na tafi makarantar, na tarar da wata tana rubutu a allon ajina.

Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Kudancin Kaduna, ita ta ce doka ta ba mai jego hutu, kuma ba a korar mace a cikinsa. Ta ja ni ofishin ƙwadago. Ina tafe ina jin kamar ƙarar uwata zan kai, amma haushi ya fi kunyar ƙarfi.

Ranar zama Mama ta zo da fara'arta, har ta karɓi yarinyar tana mata wasa. Jami'in ya ce idan hutun haihuwa na tafi, aikina yana nan, amma ita ma mai makaranta tana da haƙƙin maye gurbin wanda ya ajiye aiki da kansa. Mama ta ce ba ta taɓa korar kowa ba, ni ce na yi sallama na tafi, malamai shaida ne.

Ya juyo gare ni. "Malama, kin nemi hutun haihuwa? Da ta ce ki tafi, me kika ce mata?"

"Durƙusawa na yi, ranka ya daɗe. Na ce na gode."

Jami'in ya ce to, magana ta yi wuya. Mama ta miƙo mini 'yata, ta ce in riƙa tallafe mata wuya da kyau.