Begilar Mai Hayar Shagonmu

Shagon ƙofar gidanmu a Bukkuyum wani mutumin Zuru muka ba haya, tsohon soja ne da ya koma haƙar zinariya. Ba shi da yawan magana. Kayansa tabarma ce da jaka, sai wata begila ta tagulla da yake ratayewa a ƙusa. Yakan goge ta ranar Juma'a har ta yi ƙyalli, amma ban taɓa jin ya busa ta ba.

Da damina ramin da suke aiki ya rufta da shi. Abokan aikinsa suka yi ta tono har suka gaji, ba a kai gare shi ba. Bayan an yi addu'a, ƙanensa ya kira ni a waya ya ce tufafinsa a ba da sadaka, begilar kaɗai suke so, in taimaka in sa musu a mota.

Da hantsi na buɗe shagon. Inna, mahaifiyata, ta kawo mini tsohon zane da soson wata katifa da ta mutu, ni kuma na samo kwali mai kauri a kasuwa. Na san tagulla ba ta son matsi, buhu ɗaya ya hau kanta sai ta lotse. Na fara zare bakin busawar na naɗe shi daban a cikin hankici. Da na kife begilar don in duba cikinta, sai ƙasa ta zubo a kan tabarma.

Ja ce, da danshi, tana warin ƙarƙashin rami. Na ɗaga kai na dubi ƙusar. Begilar nan ba ta taɓa barin ɗakin ba, kuma mabuɗi yana aljihuna tun ranar da abin ya faru. Na ce ko zanzaro ne ya yi gini a ciki. Na ɗura mata ruwan buta har ya fito fari tas, na jingine ta a rana, na tafi sallar azahar. Da na dawo na sake kife ta, ƙasar da ta zubo ta fi ta farko yawa.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa. Ta karɓi begilar ta kara faffaɗan bakin a kunnenta. Ta daɗe a haka, idonta a ƙasa.

"Inna, mi kinka ji?"

"Kak ka busa ta," ta ce. "Toshe bakin da kyau, ka bar tambaya."

Na cusa tsumma a bakin har ya cika dam. Na naɗe ta da zanen, na zagaye ta da soso, na kwantar da ita a tsakiyar kwalin yadda ba inda tagullar ta taɓa gefe. Sauran gurbin na cike shi da guntayen soso, na girgiza, babu abin da ya motsa. Inna tana ta karanta Ƙulhuwallahu a hankali har na gama ɗaurewa da igiya.

A tasha na samu direban motar Gummi da na sani, zai miƙa saƙon ga motar Zuru. Ya ɗaga kwalin, ya ajiye, ya dube ni.

"Malam, dutse ka zuba ciki?"

Na ce begila ce kawai, don Allah kar a ɗora mata kaya. Ya sa ta ƙarƙashin kujerar baya.

Washegari ƙanen ya kira ya yi godiya, ya ce ta iso ba ko ƙwarzane. 

Ranar kasuwa na haɗu da direban yana lodi. Ya jawo ni gefe ya ce daga yau kar in sake ba shi irin wannan saƙo. Wai tun da suka fita gari wata tsohuwa a kujerar baya take ɗaga ƙafafunta, tana cewa a tsaya a buɗe wa mutumin da ke ƙwanƙwasawa. Sauran fasinjoji suka yi mata dariya da farko, daga baya motar ta yi tsit har Gummi.

"Kai ka ji?" na tambaye shi.

Ya ce shi dai ƙure muryar rediyo ya yi, sannan ya juya ya ci gaba da ɗaure buhunan wake.