Bawan da ya zama ubangida a dandalinmu na kokowa

Ko da zan manta da komai na zamana a Abijan, makon nan da dandalinmu ya kusa watsewa ba zai fita raina ba. A lokacin ina sayar da kayan wayar salula a unguwar Ajame, kusa da babbar tashar motoci, kuma ni ne mai kula da wani dandali a intanet na masoya kokowar gargajiya. In kasuwa ta lafa sai in shiga siber, wato shagon intanet, da ke bayan tasha, in duba abin da aka rubuta, in goge na gogewa. Ba a biyan kowa ko dala, son kokowa kawai ya tara mu.

Gaskiya mutum biyu ne ke riƙe da dandalin, ni dai suna kawai nake ci. Na farko wani dattijo ne mutumin Damagaram, mai shagon atamfa a unguwar Tireshibil. Yana da ƙane a gida da ba ya fashin zuwa filin kokowa, shi ke bugo masa waya da labarin kowane kaye, shi kuma ya rubuto mana da zafinsa, har da kirarin da makaɗa suka yi. Na biyu wani saurayi ne, iyayensa Kanawa amma a unguwar Barakodi ta nan Abijan aka haife shi. Shi ke mayar da rahoton zuwa Faransanci saboda samarinmu haifaffun Abijan, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba.

Dokar da na kafa ɗaya ce: wanda ya zagi wani, a dakatar da shi mako guda. Ina alfahari da ita ƙwarai.

Ana gab da fara babbar gasar kokowar cin takobi ta can gida sai saurayin ya rubuta cewa a ganinsa 'yan kokowar Damagaram ba za su kai labari ba bana. Dattijon ya amsa masa: “Kai bawana, Bakano ya san wani abu ban da ƙirga kuɗi? Koma kasuwa.” Da na karanta, dariya na yi har mai siber ya waiwayo. Duk wanda ya tashi a gida ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa.

Washegari na tarar da dandali ya kama da wuta. Samarin sun yi ca, sun ce an ci mutuncin ɗan'uwansu, in ban dakatar da tsohon ba to dokar ta yara ce kawai, kuma za su fice gaba ɗaya. Saurayin ya same ni a shago idonsa jajur.

“Yaya, ni ya kira bawa a gaban kowa,” ya ce. “Me na yi masa? Ni da nake ajiye aikina in fassara nasa?”

Na ce masa wasa ne. Ya ce shi bai ga inda aka yi dariya ba. Da gaskiyarsa kuwa, domin a rubuce babu murya, babu fuska. Raina ya ɓaci sosai. In na dakatar da dattijo, gasa za ta wuce ba mu da mai kawo labari, ga kunyar hukunta sa'an mahaifina. In na ƙyale shi, samarin sun tafi ke nan.

Dabarar da ta zo mini ita ce in ɗauki saurayin mu je wurin mahaifinsa. Da uban ya ji labari sai ya tafa hannu, ya dubi ɗansa ya ce, “To kai me ka mayar masa?” Saurayin ya ce bai mayar masa da komai ba. Uban ya ce, “Ka ba mu kunya! Tashi mu je.”

Muka tsallaka gada zuwa Tireshibil. Tun daga bakin shago uban ya ɗaga murya: “Ina bawan nan nawa da aka ba aron bakin magana?” Dattijo ya taso yana cewa a ɓoye atamfofi, Bakano ya shigo. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma suka dinga yi wa juna tsiya kamar tare suka yi ƙuruciya, har aka aika a sayo mana garba, abincin garin rogo da kifi, da shayi. Saurayin yana gefe ya saki baki.

Can sai ya ce a hankali, “Baba, ni ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan wasan. A nan in aka kira ka haka, nufin mutum ke nan.”

Dattijon ya dube shi, sannan ya juyo gare ni.

“Ɗana, ka dakatar da ni. Na yi wasa da wanda ba mu koya wa wasan ba.”

Na ce, “Baba Alhaji, gasar fa?” Ya ce ai hannunsa aka hana rubutu, ba a ɗaure masa baki ba. In saurayin ya yarda, ya riƙa zuwa shago yana jin labari daga bakinsa, ya rubuta da kansa. Saurayin ya yarda.

Na dakatar da dattijon kuwa. Ranar da aka buɗe gasa rahoto ya shigo cikin Hausa da Faransanci, Hausar tana ɗingishi amma ba abin da ya ɓace. A ƙarshensa saurayin ya rubuta: “Wannan labari daga bakin bawana ne na Damagaram, wanda na ba izinin magana yau.” An ce da aka karanta wa dattijon, sai da ya share hawaye don dariya.

Tun daga ranar na gane cewa goge rubutu shi ne ƙaramin aikin mai kula da dandali. Babban aikin shi ne ka san abin da wani ya taso da shi wanda ɗan'uwansa bai taɓa ji ba, ka rufe shago, ka tsallaka gada ka zaunar da su wuri ɗaya.