Kawu Heaika, Tafintan Majigin Muotki

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe uku na rana, Allah ya karɓi ran kawuna Heaika Buljo a gidansa da ke nan Muotki, yana da shekara saba'in da shida. Matarsa, Inna Rávdná, ta ce ta shiga ɗora tukunyar kofi, ta bar shi a kujera yana ba ta labarin wata barewar ƙanƙara, irin wadda muke kiwo, da ta ɓace masa tun shekarar aurensu. Da ta ji labarin ya tsaya a tsakiya, ko tukunyar ba ta sauke ba ta san abin da ya faru, don a shekara hamsin da ɗaya na zamansu bai taɓa barin magana rabi ba, sai dai ya ƙara mata wani rabin.

Kawu, ni ce Sunná, 'yar ƙanwarka. An ce in rubuta wani abu a kanka saboda ni ke riƙe da bikin fina-finan garinmu. Zan yi ƙoƙarin faɗin gaskiya zalla, ko da yake ba a wurinka na koya ba.

Shekara goma sha tara ke nan da na dawo daga karatu a Tromsø da burin mu riƙa nuna fina-finan da mu 'yan ƙabilar Sami muka yi da harshenmu, da na sauran 'yan asalin ƙasa irinmu na ko'ina a duniya. Ɗaki ɗaya ne a garin nan da zai ɗauki mutum ɗari, ɗakin ibada, makullinsa kuwa yana aljihun Jovsset, mai wa'azinmu, wan Inna Rávdná. Na je na roƙe shi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yar nan, ɗakin nan na kukan zunubi ne, ba na kallonsa ba."

Da na kawo maka ƙorafi, sai ka ce surukinka yana da makulli, amma ƙanƙara ba ta da ƙofa. Ka ɗauki tarakta ka tara dusar ƙanƙara a bayan shingen bareyinka, ka yi bango mai tsayin gida, ka goge fuskarsa da shebur har ya yi sumul. Gabansa ka sare matakalar zama a jikin ƙanƙara, ka shimfiɗa buzu. A watan Janairu rana ba ta fitowa, don haka ƙarfe sha biyu na rana muka haska majigi a jikin bangon, mutum arba'in da karnuka shida suna kallo.

Ba a yi minti goma ba tsofaffi suka fara tashi. Fim ɗin na mutanen Greenland ne, fassarar da ke ƙasan hoton kuma da Turanci. Sai na ga ka ƙwace makirufo daga hannuna, ka fara yi musu tafinta. Daga baya ka gaya mini dalili: a makarantar kwana, kana ɗan shekara bakwai, ka yi shekara guda zaune a aji kamar kurma, ana dukanka in ka yi harshenmu, ba ka kuma jin na malamin. Ka ce ba a filinka za a sake mayar da tsofaffin Muotki kurame ba.

Matsalar ɗaya ce: Turancinka bai wuce na gaisuwa ba. Amma ba ka taɓa barin wannan ya tsaya maka a hanya ba. Kana duban fuskar ɗan wasa, kana sa masa magana a baki. Maharbi ya tsaya yana kallon teku cikin baƙin ciki, kai kuma ka ce yana tunanin ko ya rufe ƙofar rumbu. Duk tsohuwar da ta fito a fim tana da jika a Muotki, tana kuma da abin faɗi a kansa. Duk mugun da ya fito kuwa yana gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana, kamar yadda wani mai wa'azi da muka sani yake yi. Na yi maka faɗa har na gaji. Ka ce, "Ɗiyata, ke kin karanta abin da suka ce. Ni na ji abin da suke nufi." Shekara ta biyu mutum ɗari uku suka zo, wasu a kan babur ɗin ƙanƙara daga hayin iyaka, kuma na sani ba don ni suka zo ba.

A shekara ta shida ne dubunka ta cika. Mun gayyato Eusebia Condori daga tsaunukan Bolivia, ita ce baƙuwa ta farko da ta zo mana daga nesa haka, da fim ɗin da ta yi shekara huɗu tana yi a kan kakarta. Tana zaune kusa da ni cikin rigar fatar da Inna Rávdná ta ara mata, hancinta kaɗai ake gani. A bangon ƙanƙara ga wata tsohuwa tana tafiya a busasshen fili, tana sunkuyawa tana tona ƙasa da yatsa. Kai kuwa ka sanar da jama'a cewa haƙoran robarta take nema, ka kuma faɗi sunan surukar da take zargi. Mutane suka yi ta dariya har wani ya faɗo daga matakala.

Eusebia ta juyo ta tambaye ni me ake wa dariya. Na so in yi ƙarya, amma baiwar ba ta biyo ta ɗakinmu ba. Na gaya mata. Ta miƙe ta je ta kashe majigin da hannunta, ta ce gobe da safe a kai ta tashar mota, kuma duk mai shirya fim da ta sani zai ji abin da ake yi wa aikin mutane a Muotki.

Ban taɓa ganin ka tsargu ba sai ranar. Ka ce in raka ka masaukinta in yi maka tafinta, kuma in na ƙara ko kalma ɗaya ba ka yafe ba. Ka cire hula ka tsaya a bakin ƙofa. Ta bar ka a tsaye ta ba ka labarin. Filin nan tafki ne a da, mutanenta suna kamun kifi a cikinsa tun kaka da kakanni, har masu haƙar ma'adinai suka karkatar da ruwan da ke shiga. Abin da tsohuwar take tonowa ƙasusuwan kifi ne, tana tarawa don ta nuna wa jikokinta cewa ba ƙarya take yi ba, an taɓa yin ruwa a wurin. Ta rasu kafin a gama fim ɗin.

A lokacin nan wani kamfanin ma'adinai yana auna tudun da bareyinmu ke haihuwa a kai, kai ma ka sani. Ka daɗe kana murza hular, sannan ka ce, "Gaya mata na yi wa kakarta rashin kunya a gaban jama'a, a gaban jama'a nake so in ba ta haƙuri. Ta ba ni gobe kawai."

Washegari tun safe ta zaunar da kai kamar ɗan aji ɗaya, hoto bayan hoto, ina fassara kana maimaitawa. Sau biyu ka nemi izinin gyara wata magana don ta fi daɗi, sau biyu ta ɗaga maka yatsa. Da sha biyu ta yi, ka faɗa wa mutane abin da ka aikata, sannan aka sake kunna fim ɗin, ka ba da labarin yadda yake. Mata suka riƙa share hawaye da sauri kafin ya daskare musu a gashin ido.

Can baya kuma ga Jovsset, ya juya wa bangon ƙeya, hannuwansa a baya. Inna Rávdná ta ce masa, "Yaya, kai ma ka zo kallon zunubin?" Ya ce mata kallo aka hana, shi ji ya zo yi, kuma an ce yau mijin ƙanwarsa zai faɗi gaskiya, bai ga ya kamata a ce ya mutu bai shaida ba.

Eusebia ba ta tafi ba sai da aka rufe biki. Bayan shekara uku, da ɗumi ya zo a tsakiyar hunturu bangonka ya narke ana saura kwana biyu a fara biki, Jovsset ne ya kawo makullin ɗakin ibada da kansa, bisa sharaɗin kujerarsa za ta fuskanci ƙofa. Haka yake zama har bana, kuma ya fi kowa sanin abin da ya faru a kowane fim.

Zan so in ce ka tuba daga ranar, amma tubarka fim biyu ta yi. Abin da ya canja shi ne, kafin ka ɗauki makirufo sai ka zo ka tambaye ni a hankali ko akwai mamacin wani a ciki, ko ƙasar wani. In na ce akwai, sai ka zauna ka koyi labarin. In na ce babu, sai dai Allah ya kiyaye.

Ranar jana'izarka Jovsset ne ya yi wa'azi. Ya yi gyaran murya sau biyu, jama'a suka sunkuyar da kai suna danne dariya da kuka a lokaci ɗaya. Ya ce shekara hamsin yana bin mutumin nan da ido, ya kama shi da ƙarya ba adadi, amma bai taɓa kama shi da wadda ya yi don cikinsa ba. Daga nan ya koma ya zauna, sai wani ya ƙarasa addu'ar.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yafe maka abin da ka ƙara da abin da ka rage, ya haskaka makwancinka, ya ba ka hutun da ba ka taɓa ba bakinka ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Rávdná, da 'ya'yanka Lemet da Gáddjá da jikoki, da mahaifiyata da ta rasa wanta, da surukinka Jovsset, da tsofaffin Muotki waɗanda za su zauna a kan buzu a watan Janairu su ji fassarar gaskiya daga bakina, su yi haƙuri da ni. Allah ya ba mu juriya baki ɗaya.