Sunan Yayana Jatau

Har gobe in na ji an ce "samfur" sai zuciyata ta tafasa, ko da cinikin atamfa ake yi a kasuwa. Da wannan kalma mutanen garinmu suka binne yayana tun yana numfashi. Ni ce Taiba, ƙanwarsa, kuma ban yafe ba tukuna.

Jatau muka tashi muka ji ana kiransa, don ja ne. Magini ne a Tungar Nagode, wani ƙauye a bakin gulbi cikin ƙasar Maradun, wanda yanzu kifi ne kawai ya san inda yake. Yana tsakiyar ƙarfinsa ya faɗo daga kan soron da yake rufewa, ƙafar hagu ta karye, ta shanye. Da wani ne, da sai ya kama bara. Shi kuwa ya ce hannunsa bai karye ba, a ɗebo masa laka daga fadama.

Da lakar nan yake murza ƴan tubala, kowane bai wuce dabino ba, mai gindi da tsini kamar na gaske. Ya cuɗa da yankakkiyar ciyawa, ya shanya a kan faifai. Tsinken tsintsiya shi ne azara, ɓawon kara shi ne ƙyaure, ga ƴan rumbuna da hulunansu na ciyawa. Yakan cika ƙwarya guda da kayan gida ɗaya, iyaye su saya wa yara. Yaran Tunga ba su da wasan da ya fi wannan. Su jera, su rushe, su yi faɗa a kan wa ya ci iyakar wani, kamar dai iyayensu.

Manya ma ba a bar su a baya ba, sai dai su ba sa yarda wasa suke yi. Duk wanda zai yi gini sai ya zo ya zauna gaban Jatau, a jera gidan a ƙasa tukuna. Nan za ka ga dattijo da furfura ya duƙa yana matsar da ɗan rumbu, yana cewa ya yi kusa da turke. Matarsa ta aiko a ce madafa ta juya wa iska baya. Sai kowa ya gamsu, sannan magina su ɗauki fasalin su gina babba. Shi ya sa a Tunga aka san abu ɗaya: abin da Jatau ya jera ƙarami, sai an gan shi tsaye. Malam Dikko, limamin unguwarmu, shi ya fi kowa faɗin haka. Zaurensa ma daga faifan Jatau ya fito.

Sai aka fara aikin dam na Bakolori. Manyan motoci suka cika Talata Mafara, aka ce ruwa zai taru ya ci garuruwan da ke bayan dam, har da namu. Wata rana ma'aikatan kamfani suka zo da wata faffaɗar takarda mai zane-zane, wai hoton sabon garin da za a kai mu ne. Suka shimfiɗa a ƙofar mai gari. Mutane suka leƙa, suka ga layi-layi, suka ce su ba su ga gari ba. Taro ya watse babu wanda ya ce to.

Cikin ma'aikatan akwai wani mai tabarau, mai zaƙin baki, wanda ya iya gaisuwa kamar ɗan gida. Shi ya hango yara suna wasa da tubalan. Ya bi sawu har gidanmu, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmar Jatau. Lokacin mijina ya rasu, na dawo gida ina kula da yayana, don haka da kunnena na ji.

"Malam Jatau, mutanenka ba su gane takarda. Kai suka ganewa. Ka jera muna garin ga da tubalanka, su gani da idonsu."

"Abin da ka hwaɗi duka za a yi?" in ji Jatau.

"Dut za a yi. Wanga samfur na kawai."

Na ce, "Yaya, mine ne samfur?" Ya ce shi a ganinsa abin da yake yi kullum ne, ƙaramin da babba ke bi. Wallahi haka muka ɗauka, mu duka.

Ya yi aikin nan kamar zai kashe kansa. Mai tabarau yana faɗi, shi yana jerawa a kan wani faffaɗan katako da suka kawo. Ga masallaci, ga rijiyoyi, ga kasuwa da rumfuna, kowane gida da zaurensa da rumbunsa. Har fadama ya yi da ɗanyar ciyawa a gefe, don mutumin ya ce akwai. Ranar da aka fito da katakon, Tunga kaf ta taru. Tsofaffi suna nuna gidajensu da sanda. Malam Dikko ya zagaya ya zagaya, ya ce, "In dai Jatau yaj jera shi, to ya tabbata." Da wannan magana mutane suka yarda. Ma'aikata suka ɗora katakon a mota suka tafi da shi.

Inda aka sauke mu wani tudu ne na tsakuwa da marmara. Babu rijiya, babu fadama, babu ko inuwar kirki. Filaye ne aka kafa wa turaku, aka ce kowa ya gina. Da me? Ƙasar wurin in ka jiƙa ta ka dunƙula, kafin ka ajiye ta wargaje. Muka kafa bukkokin zana. Mata muna tafiya mai nisa neman ruwan sha, alhali ga ruwa can ya shanye gonakinmu da kaburburan iyayenmu.

To, sai mutane suka nemi wanda za su huce a kansa. Kamfani yana bayan shingen waya da masu gadi. Mai tabarau ya yi ɓatan dabo. Wa ya rage? Gurgu, mai bukka a tsakiyarsu. Malam Dikko ne ya fara, a gaban jama'a bayan sallar la'asar. Jatau ya miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa, ya ce, "Samfur, ina rijiyar da ka gina muna?" Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi. Daga ranar suna ya bi shi. Yaran da suka girma da tubalansa su ma suka ɗauka. Har aka ce an ba shi wani abu a ɓoye. Ni da nake wanke masa riga ɗaya tilo, na san abin da aka ba shi. Ko goro bai ci nasu ba.

Abin ya ci shi ƙwarai. Ba ya son komai a duniya sai a san bai yi ƙarya ba. Ya ce zai je ya kawo mutumin ya faɗa da bakinsa. Na ɗora shi a jaki, na ja akala har Talata Mafara. Muka yini a ƙofar ofis kafin a bar mu mu shiga. Muna shiga kuwa sai ga katakon Jatau a kan tebur, an rufe shi da gilashi, an share masa ƙura tas. Ashe duk baƙon da ya zo shi ake nuna wa, a ce ga garin da aka gina wa mutanen da aka tasa.

Mai tabarau yana nan, ya ƙara ƙiba. Jatau ya gaishe shi, ya ce, "Ranka shi daɗe, zuwa niy yi ka tai ka gaya ma mutanena ba ni niy yi musu ƙarya ba. Kai kac ce dut za a yi."

Mutumin ya yi dariya. "Haba Malam, ai na gaya maka samfur na. Kayan wasan yara, wa ka riƙe shi alkawari?"

Ni na amsa. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita ba, amma sai da mai gadi ya fitar da ni. Jatau ya roƙi a ba shi tubalansa, suka ce kayan ofis ne. Da muka dawo na ba da labari a bakin kowace bukka. Aka ce ai dole ƙanwa ta kare yayanta.

Bai ƙara murza tubali ba. Ko ya so ma, babu laka. Saura taiki ɗaya na ƴan tubala da muka taso da shi daga Tunga, ya tura ƙarƙashin gado. In yaro ya zo nema sai ya ce, "Ba ni ƙara jera gidan da ba a ginawa." Lokacin da manoma suka fusata suka tare hanyoyin kamfani, ya ce a ɗora shi a jaki ya bi su. Suka ce ba su tafiya da Samfur. Ranar na gan shi yana kuka, mutumin da bai yi kuka ba sa'ad da ƙafarsa ta karye.

Da damina ta biyu ya rasu, da hantsi. Maza suka ɗauke shi. Can sai na ji sallama a bakin zana, muryar Malam Dikko. An haƙa kabari da ƙyar, an sa shi, an jera itace, amma ƙasar da za a kwaɓa a toshe tsakanin itacen ta ƙi kamawa. Duk wadda aka jiƙa sai ta zube a kansa. Wani ya tuna da taikin.

"Taiba, ki yi haƙuri. Laka muka biɗa. An ce akwai sauran tubalan ga."

Na jawo taikin na riƙe bakinsa. Na ce, "Kabarin wa za ku rufewa, Malam?"

"Haba Taiba, na Sam…"

"Ban ji ba."

Ya gyara murya. Sannan ya ce, "Na Jatau."

"Ɗaga murya, waɗanda ka bayanka su ji."

Ya ɗaga. Na tura masa taikin ta ƙarƙashin zana. An ce da suka zuba ruwa, tubalan suka narke nan da nan, lakar ta kama kamar a fadamar Tunga. Duk tudun nan, ɗakin yayana ne kaɗai aka rufe da ƙasar kirki, kuma shi ya kawo abarsa.